Ƙararrawar So

A wannan karon nisa zan yi da ku, mu bar unguwa mu bar gari mu tafi can ƙasar Koriya ta Kudu, saboda wani wasan kwaikwayo nasu da na kalla, wanda har yau in na ga budurwa ta zabura don wayarta ta yi ƙara sai ya faɗo mini a rai. Sunan wasan Love Alarm, a harshensu kuwa ma'anar sunan ita ce in ana so sai ta yi ƙara, ni dai ƙararrawar so nake ce masa don ya fi mini sauƙi a baki. Kamfanin Netflix ne ya fito da shi, kashi na farko ranar 22 ga Agusta 2019 mai fitowa 8, kashi na biyu ranar 12 ga Maris 2021 mai fitowa 6. Wadda ba ta kalla ba kuma tana da niyya, to ta yi haƙuri da ni, don zan fasa ƙwai, har ƙarshensa zan faɗa.

Abin da aka gina labarin a kansa ɗan ƙarami ne ƙwarai. Wani ne ya ƙirƙiro wata manhaja da ake sa wa a waya. In kin kunna taki, duk wanda yake son ki in ya matso kusa da ke da tazarar da ba ta wuce mita 10 ba, shi ma tasa tana kunne, sai wayarki ta yi ƙara, hoton zuciya ya fito da lamba. In mutum ɗaya ne ki ga 1, in uku ne ki ga 3. Mita 10 kuwa ba wani nisa ba ne, kamar daga bakin zaure ne zuwa madafa a matsakaicin gida. Ba ta faɗin suna, ba ta nuna fuska, kuma ba ta ƙarya, don da zuciyar mai wayar aka haɗa ta, ba da bakinsa ba. Ke ma haka, in kina son wani, kina shiga cikin da'irarsa wayarsa za ta tona miki asiri, ko kin shirya ko ba ki shirya ba. Da na fara kallo sai na ce kai, wannan ai gata ne, an huta da mayaudara, an huta da masu daɗin baki, an huta da kwana ido biyu ana tambayar filo wai shin yana so na kuwa. Su ma mutanen cikin wasan haka suka ɗauka, kowa ya yi rububin saukewa.

Tauraruwar wasan wata 'yar sakandare ce mai suna Kim Jojo, wadda Kim So-hyun ta fito a matsayinta. Marainiya ce 'yar asalin tsibirin Jeju da ke kudancin ƙasar, iyayenta sun mutu tana ƙarama ta hanya mafi muni, da hannunsu suka ɗauki ransu, ita kuwa da sauran shan ruwanta a gaba. Ta dawo birnin Seoul hannun 'yar uwar mahaifiyarta, irin riƙon nan da ba a rasa gori a cikinsa safe da yamma, ga kuma 'yar gidan mai suna Gul-mi ta tsane ta kamar ta jefa ta a wuta. In an tashi daga makaranta ta wuce gidan gashin nama ta yi aikin ƙwadago, daga nan ta wuce kantin innar tata ta tsare, ga bashi a kanta da ba ita ta ci ba. Amma a makaranta kullum da fara'arta, ba wanda ya san abin da take ciki. Duk wadda ta taɓa zaman riƙo ta san wannan fara'ar, ta san kuma nawa ake biya kafin a yi ta.

Samarin biyu ne. Akwai Hwang Sun-oh, wanda Song Kang ya fito a matsayinsa, ɗan masu hali, uba ɗan siyasa, uwa tsohuwar tauraruwar fim, shi kansa kyakkyawa ne na ajin farko, in ya ratsa makaranta wayarsa ba ta yin shiru. Akwai kuma Lee Hye-yeong, wanda Jung Ga-ram ya fito a matsayinsa, uwarsa ita ce mai aikin gidan su Sun-oh, a gida ɗaya suka tashi kamar wa da ƙani. Sunayen nan suna karya harshe, shi ya sa ƙanwata da muka yi kallon tare ta raɗa musu namu, na farkon Ɗan Gata, na biyun Shiru-shiru, ni ma da su zan ci gaba. Shiru-shiru shi ya fara ganin Jojo, wuri ɗaya suke aikin ƙwadago, ya daɗe yana son ta bai taɓa buɗe baki ba. Ɗan Gata ya lura, ya tambaye shi ko yana son ta, ya ce a'a. To shi ke nan, sai Ɗan Gata ya shiga da ƙarfinsa, bai daɗe ba ƙararrawarsa da tata suka amsa wa juna. A nan sai na ɗan yi tsaki, don samari biyu sun zauna suna shawarar wa zai ɗauka wa zai bari, kamar wata akuya a kara, ba wanda ya ce bari a tambayi yarinyar. Wannan ɗabi'a dai ashe ba ta san iyakar ƙasa ba.

Inda labarin ya kama ni shi ne bayan 'yan makarantar sun tafi yawon buɗe ido Jeju, garin da Jojo ba ta ƙaunar tunawa da shi. A can suka yi hatsari a kan babur ita da Ɗan Gata, ya ji ciwo sosai. Tsohon mikinta ya tashi, ta ga kamar duk wanda ta jingina da shi sai ta rasa shi, ta ga tazarar da ke tsakanin gidansu da inda take kwana, ta yanke shawarar rabuwa da shi. To amma ta yaya? In ta ce ba ta son sa, wayarsa za ta ƙaryata ta a gabanta. Sai wani ɗan makarantarsu mai suna Duk-gu, yaro mai kunya da ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai, wanda ashe shi ne ya ƙirƙiro manhajar, ya ba ta wani sirri da ake kira garkuwa. Duk wadda ta sa garkuwa, ko so zai kashe ta ba za ta sa wayar kowa ƙara ba. Ta sa, ta je ta tsaya a gabansa, wayarsa ta yi tsit.

Ke 'yar uwa, tsaya ki dubi wannan wuri da kyau. Ga yarinya a tsaye a gabansa, muryarta na rawa, idonta ya faɗi komai, amma shi ina yake kallo? Waya. Mu da muke zaune a falo mun gane ƙarya take yi, shi da yake tsaye taku biyu daga inda take bai gane ba, saboda ya riga ya sallama wa na'ura aikin da idonsa ya kamata ya yi. Hausawa suka ce labarin zuciya a tambayi fuska, shi kuwa ga fuskar a gabansa ya tafi tambayar gilashi. Ban ga laifinsa sosai ba, yaro ne da ya tashi a gidan da ake murmushi don 'yan jarida a koma ciki kowa ya kama gabansa, bai taɓa yarda da maganar baki ba, da ya samu abin da aka ce ba ya ƙarya sai ya rungume shi hannu bibbiyu. Amma ranar da abin ya yi masa shiru sai ya zama ba shi da wata hanyar gane gaskiya, kamar wanda ya saba da fitila aka ɗauke wuta.

Ni abin da na tsinta a wasan nan, wanda ya sa na ɗauki biro, shi ne wannan ƙararrawa ta sace wa 'yan matan cikinsa wani ɗan fili da ke tsakanin jin abu a zuciya da furta shi a baki. Filin nan ƙarami ne amma a cikinsa mace take da mulki. A nan take auna mutum, ta ga yadda yake yi wa uwarsa magana, ta ga yadda yake in ransa ya ɓaci, ta tambayi kanta shin wannan abin da nake ji zai kai wata uku kuwa. A nan ne kuma take iya ganin tana so amma ta ce a'a, don ta hango abin da zuciyar ba ta hango ba. Ai ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Wace ce a cikinmu ba ta taɓa jin wani ya burge ta na mako ɗaya ba, daga baya ta dube shi ta ce oh ni, me na gani a nan? Da akwai ƙararrawa, da a ranar farko an ji, da ƙawaye sun ɗauka, da shi kansa ya zo da ƙafarsa yana cewa ai wayata ta shaida, ke kuma ba bakin musu. So yana zuwa ba da sallama ba, wannan ba a hannun kowa yake ba, amma buɗe masa ƙofa a hannun mace yake, ita kuwa manhajar nan ƙyauren ta cire gaba ɗaya.

Na tuna lokacin da muke 'yan mata, kafin wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001, da wasiƙa ake yi. A yago takarda daga tsakiyar littafin makaranta, a zana fure a gefe, a fesa turare, a ba wa ƙaninki da ɗan kuɗin alewa ya kawo. In ta zo ba a ranar ake ba da amsa ba, ko da kuwa zuciya na tsalle, sai an kwana uku ko mako, a karanta a ɓoye a ƙarƙashin katifa, a nuna wa aminiya, a sa a binciko ɗan gidan waye. Kada ki ce yabon jiya nake yi, jiya ma tana da nata, mun ga waɗanda shirunsu ya cuce su aka ɗaura musu da wanda ba sa so saboda an ce shirun budurwa yarda ne, mun ga waɗanda kunya ta hana su magana har wanda suke so ya auri wata. Shi kansa Shiru-shiru na cikin wasan ai shirun ne ya sa aka riga shi. Abin da nake nufi kawai shi ne kwana ukun nan namu ne, mu muke da su, ba wanda ya san an karanta ko ba a karanta ba.

Yanzu fa? A can Koriya manhajar da kusan kowa yake hira da ita ita ce KakaoTalk, wadda ta fito a 2010, in ka aika saƙo akwai wata 'yar lamba 1 a gefensa, ana buɗewa sai ta ɓace. Masoyansu a kan wannan lambar suke faɗa, ta ɓace tun ɗazu me ya sa ba ki amsa ba. Mu kuma namu shuɗin layi biyu ne na WhatsApp, wanda aka shigo da shi a watan Nuwamba 2014, da kuma wancan ɗan rubutun na sama mai tona asirin ƙarfe nawa kika leƙa. To ki gaya mini, wannan ba ƙanwar ƙararrawar so ba ce? A shekarar 2014 ɗin nan dai aka fara sakin labarin da aka ɗauko wasan daga cikinsa, don asalinsa labarin zane ne da ake karantawa a waya, wata mata mai suna Chon Kye-young ta ƙirƙira. Ba daga sama ta tsinto shi ba, a ƙasar da take wani bincike na cibiyar Pew ta Amurka da aka fitar a 2019 ya nuna kashi 95 cikin 100 na manya suna da babbar waya, babu ƙasar da ta kai su a cikin waɗanda aka bincika. Kuma kada a ce matar maƙiyiyar na'ura ce, ciwon gaɓoɓin yatsu ya kama ta har riƙe abin zane ya gagara, sai ta koma ba wa kwamfuta umarni da murya tana haɗa hotunan. Wadda na'ura ta zama mata hannu ita ce ta zauna ta rubuta abin da zai faru in na'ura ta zama wa mutum zuciya.

Bayan rabuwar sai wasan ya tsallaka shekara 4, a nan ne aka nuna yadda abin ya ci gari. An daina tambayar wa yake so na, an koma tambayar nawa ne suke so na. Masu tarin zukata aka yi musu ƙungiya ta musamman da lambar girma, su ne a talabijin, su ne abin kallo. Gul-mi ba ta da wani buri a duniya sai ta shiga cikinsu, alhali tun suna makaranta akwai wanda yake sa wayarta ƙara da zuciya ɗaya, Duk-gu ne, amma da ta gane shi ne sai ta ji kamar an watsa mata kashi, ta wulaƙanta shi wulaƙancin da ya kusa kai shi lahira. Kin ga ke nan ƙarar ba ta ishe ta ba, so take ta fito daga wayar wanda za a yi alfahari da shi. Can gefe kuma ga waɗanda kullum in sun duba sifili suke gani. A da mutum yana iya rarrashin kansa ya ce wataƙila akwai mai so na ban sani ba, wannan wataƙilar ita take tashin mutane da yawa daga kan shimfiɗa da safe, sai aka zo aka ƙwace ta aka ba su lissafi. A wasan an nuna gungun irin waɗannan mutane sun taru sun kashe kansu, wasu kuma suka fito zanga-zanga a kan a rufe manhajar. Ba wasa marubutan suke yi da wannan ba, Koriya ta Kudu ta daɗe tana kan gaba wajen yawan masu kashe kansu a cikin ƙasashe masu arziki na ƙungiyar OECD, ciwo ne da suka sani a gidajensu. Ni kuwa da na ga wannan wuri sai na tuna 'yan matanmu da ke sa hoto a Instagram, in awa ɗaya ta wuce zukatan ba su taru ba sai a goge, a wuni ana fushi da mutanen gida da ba su san hawa ba ba su san sauka ba.

Wani abin kuma da wasan bai ɓoye ba, ƙararrawa ba ta biyan bashi. Wayar Jojo ta yi ƙara, ta kuma yi, amma da asuba ita ce dai a bakin aiki. A ƙasarsu tun 2011 aka raɗa wa matasa wani suna, sampo, wato masu haƙura da abu uku, soyayya da aure da haihuwa, saboda tsadar gida da wahalar samun tsayayyen aiki da kuɗin karatun yara. A 2023 lissafin haihuwarsu ya faɗo zuwa 0.72 ga kowace mace, wato ko ɗa ɗaya bai cika ba, mafi ƙanƙanta a duniya. Ba rashin sanin wa ke son wa ne ya kawo wannan ba.

To matan aure, na san kun yi shiru kuna cewa wannan ta 'yan mata ce, ku matso, taku ta zo. A cikin wasan har wurin ɗaurin aure sai an kunna wayoyi an ji ƙara kafin jama'a su yi tafi. Sai na ce a raina, to bayan biki fa? A ce wannan abu yana gidajenmu, maigida ya shigo da yamma da ledar cefane, kin yi wanka kin yi kwalliya kin turara ɗaki, ya zauna a gefenki, waya ta yi tsit. Ko kuma a ce ku biyu ne, ranar girkinki ce, yana ratsa tsakar gida sai kika ji ƙara daga ɗakin abokiyar zama. Tabɗi! Wallahi da alƙalai ba su runtsa ba. Kuma kada mu ɗora wa maza kaɗai, mu faɗi gaskiya tsakaninmu, wace ce za ta rantse wayar mijinta za ta yi ƙara kullum ta Allah har shekara 20? Akwai ranar da ya ɓata miki, akwai watan da kike jego ko kanki ba kya so balle wani, akwai shekarar da babu ta shigo ta zauna kowa ya zama kamar baƙo. Zuciya tana yin sanyi ta dawo ta yi zafi, waɗanda suka daɗe a ɗaki sun san haka, abin da yake riƙe gidan kafin ta dawo shi ne ba wanda ya kai ƙara. Ya fita cikin dare neman mota ranar da naƙuda ta tashi, ke kin rufa masa asiri ranar da aljihu ya bushe har uwarki ba ta ji ba, duk wannan babu na'urar da za ta yi masa ƙara. Sannan a juya ta ɗaya gefen, mutumin da zai sa wayarki ta yi ta ruri yana iya zama shi ne mai marin ki, mai bin sawunki, mai hana ki gaisa da 'yan uwanki, don shi ma a zuciyarsa so yake ji. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, abin da aka ce ta auna ta auna, sai dai ba shi ne abin da ake zaman aure da shi ba.

A kashi na biyu garkuwar nan ta zama wa Jojo kurkuku. Shiru-shiru ya dawo rayuwarta, wannan karon ya buɗe baki, ya ce shi zai neme ta ne irin na da, ba ya buƙatar wayarsa ta yi ƙara. Ya raka ta, ya jira ta, ya saurare ta, ranar da ba ta son magana ya yi shiru tare da ita. Ita kuma ta fara jin wani abu, amma a duniyar da kowa ya yarda da ƙara, kalmar bakinta ba ta da daraja ko ta sisin kwabo, har ita kanta ta fara shakkar kanta, tana cewa in ban ji ƙara ba ta yaya zan san gaskiya nake ji. Wannan ya fi komai ba ni tausayi, yarinya ta rasa hanyar shiga zuciyarta sai ta waya. Ana cikin haka kamfanin ya fito da sabon salo mai nuna wanda zai so ka nan gaba, abin da bokaye suka daɗe suna cin kuɗin mata da shi. Sai aka ba ta wani sirrin kuma, mashi, wanda zai sa wayar duk wanda ta zaɓa ta yi ƙara ko da garkuwa a jikinta. Ta harba wa Shiru-shiru don ta faranta masa, ya yi murna kamar ya taka sama, da ya gano yadda aka yi kuwa sai murnar ta koma ciki. Amma in kin duba, a duk faɗin wasan wannan ce kaɗai ƙarar da mutum ya yi da niyyarsa, sauran duk zuciya ce ta kubce. Ita ta zauna ta duba su biyun ta ɗauki mashi ta nuna ɗaya. Ni a wurina wannan ƙarar ta jabu ta fi ta gaskiyar nauyi.

Ba zan ce wasan ba shi da aibu ba. Kashi na biyu yana da jan rai, a yi ta kallon juna ana kiɗa kamar an manta da mu, abin da za a gama a fitowa uku sai da aka ja shi shida, kuma akwai wuraren da in da yara a ɗakin sai kin nemi abin canja tasha. A ƙarshe dai Jojo ta zaɓi Shiru-shiru, abin da ya ɓata wa masu kallo da yawa rai, har da ƙanwata. Ta ce, "Haba Yaya, wannan ai zalunci ne, Ɗan Gata fa shekara huɗu bai daina son ta ba, ko da yaushe ya matso sai wayarta ta yi ƙara." Na ce mata, "Ƙarar na ji, to bayan ita me ya yi mata?" Ta ce, "Ai so shi ne so." Na ce, "Da ya dawo, tambayarta ya yi me ya same ki a wancan lokacin, ko cewa ya yi ta kunna waya ya gani?" Ta zumɓura baki ta ce ni dai na tsufa ne shi ya sa nake son mai haƙuri. Wataƙila da gaskiyarta, shekarunta 19, a wannan shekarun kowa Ɗan Gata take so, kuma ba na jin akwai wasan da zai canja mata ra'ayi kafin lokaci ya yi.

Akwai wata yarinya a wasan da ba a cika maganarta ba, Yuk-jo, budurwar da Ɗan Gata ya yi bayan rabuwarsa da Jojo. Kyakkyawa ce mai fara'a, tana cikin masu tarin zukata, dubban mutane suna sa wayarta ƙara, ita kuma kullum tana sa tasa ƙara, amma shi ko sau ɗaya bai taɓa sa tata ba. Ta sani, shi ma ya san ta sani, a haka suke fita tare ana ɗaukar su hoto. Son maso wani ƙoshin wahala, ita kuwa tata wahalar har da shaida a tafin hannu, kullum sai ta duba. Da ta gaji ta janye jikinta. Bayan Jojo ta ba shi amsa ta ƙarshe, sai ga Ɗan Gata a ƙofar Yuk-jo, ba da wata ƙara ba don har lokacin wayarta shiru take in ya matso, ya ce zai riƙa zuwa, zai yi ta zuwa har ranar da za ta yi ƙara. Yaron da a da bai yarda da komai ba sai abin da gilashi ya nuna masa, shi ne yau yake roƙon a karɓi sawun ƙafarsa tukuna, ƙarar ta biyo baya.